Mu Biyar Muka Tafi Danmak

Ranar Litinin ta mako na biyar, uwar gidan da na sauka ta fito da ma'aunin nauyi daga ɗakin wanka, ta ajiye mini a bakin ƙofa. Ta ce, "Kilo 23 kaɗai jirgi zai karɓa. Gara ka soma aunawa tun yau." Sai a sa'an nan na gane lalle tafiya ta zo ƙarshe. Baƙo raɓa ne, in ji mutanenmu. Mu kuwa raɓarmu ta yi mako huɗu a kan ciyawar mutane, saura kwana takwas rana ta ɗauke ta.

Mu biyar muka tashi daga Abuja cikin watan Mayu na 2024. Wata ƙungiya mai shirya musayar ma'aikata tsakanin ƙasashe ce ta ɗauki nauyinmu. Tsarin kuwa shi ne, a zaɓi mutane masu sana'a dabam dabam, a kai su wata ƙasa, kowa ya ga yadda abokan sana'arsa suke aiki a can. Ba a sauke su a otal. Kowa akan ba shi gida, ya kwana, ya ci abin da masu gida suke ci, in an kwana biyu a sake masa wani gidan. Daga baya mutanen waccan ƙasa su aiko da nasu, a yi musu haka nan. A cikinmu akwai nas guda, da malamar firamare, da wani saurayi mai aikin lantarki wanda muke kira Auta, da ni malamin dabbobi. Shugabarmu wata dattijuwa ce da ta huta daga aikin gwamnati. Dukanmu Mama muke ce mata.

Yankin da aka kai mu shi ne yammacin Jutland, watau babban ɓangaren ƙasar Danmak wanda yake manne da Jamus. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Tudun da ya fi kowane tsawo a ƙasar duka bai wuce mita 171 ba, mu da muka girma a gindin duwatsun Filato sai muka yi ta dariya da aka gaya mana. Iska kuwa ba ta hutawa. Daga teku take tasowa, shi ya sa ko'ina ka duba za ka ga itatuwa an dasa su a jere a gefen gonaki domin su tare ta. A dā yawancin wurin nan fako ne da rairayi da ƙananan tsirrai marasa amfani. Bayan da Danmak ta sha kashi a yaƙin 1864, aka ƙwace mata yankuna daga kudu, sai mutanenta suka juya ga ƙasar da ta rage musu. A 1866 aka kafa ƙungiyar gyaran fako, wani injiniyan soja mai suna Enrico Dalgas yana cikin jagabanninta, suka yi ta dashe da gyaran ƙasa har fako ya zama gona. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kafin ƙarfe biyar kuma ta fito. Na yi kwanaki ina rufe fuska da riga kafin barci ya zo.

Gida huɗu na zauna. Abin da na koya a cikinsu ya fi wanda na koya a ofisoshin da aka zaga da mu, gama a ofis abin da aka shirya nuna maka shi za ka gani, amma a gida ba mai iya ɓoye halinsa har mako guda. Na ga maigida yana wanke kwanoni matarsa tana karanta jarida, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Na ga an bar jariri yana barci cikin kekensa a waje, an lulluɓe shi, uwar tana ciki tana aiki. Na koyi cin baƙin burodinsu mai tsami da kifi mai sanyi da tsakar rana, ko da yake har na baro ƙasar cikina bai yarda cewa wannan abinci ne ba. Na koyi cewa ba a tashi daga tebur sai an yi wa wanda ya dafa godiya, yaro da babba. Akwai kuma abin da ban iya koya ba. Su da suna suke kiran kowa, har yaro ya kira malaminsa da sunansa tsirara. Mai masaukina na ƙarshe ya haura shekara sittin, bakina ya ƙi kama sunansa. Na ce masa Baba, matarsa kuma Inna. Da fari suka yi dariya, kafin kwana uku sun saba, har in na yi jinkirin gaisuwa da safe sai ya ce, "Yau ba Baba ke nan?"

A bakin hanya kusa da gidansu akwai wata 'yar rumfa ta katako. An jera sabon dankalin Turawa da ƙwai da sitroberi irin wanda ake nomawa a wajen Vom, an rubuta kuɗin kowanne, ga akwatin kuɗi a gefe. Ba mai tsaro. Ka ɗauka, ka jefa kuɗi ko ka biya ta waya, ka yi gaba. Na tambayi Inna ko ba a sata. Ta ce akan yi, wani lokaci har a ɗauke akwatin, amma ba yadda zai sa a rufe rumfar ba. Wannan rumfa ta tsaya mini a rai, ga kuma dalili.

Ban da aikina na malamin dabbobi, ni ne magatakardan wata 'yar ƙungiyar gama-kai ta masu madara a garinmu. Akwai Fulani makiyaya a ciki, akwai manoma masu saniya biyu ko uku. Muna tara madara da safe mu sayar wa mai yin kindirmo a birni. Shekara ta fari abin ya yi kyau. A ta biyu mai sayen ya fara kukan ana zuba ruwa, ya rage kuɗi. Wanda bai zuba ba ya ga ana cutarsa, shi ma ya fara zubawa. Sai kuma kuɗin asusu ya yi ƙafa, ma'aji ya ce ya ranta wa wani, wanin ya ce ya biya. Lokacin da zan taso, rabin mutane sun daina kawo madara. Shugabanmu, wani ardo dattijo, ya rako ni har tasha, ya ce, "Malam, ka buɗe ido. Ka dubo mana abin da Turawan nan suke da shi da mu ba mu da shi."

Na buɗe ido kuwa, har ya gaji. Baba yana da shanu fiye da ɗari biyu, shi da ma'aikata biyu kaɗai suke lura da su. Ba mai durƙusawa da ƙwarya. Saniya in ta ji nono ya cika mata, da kanta za ta shiga wani akurki na ƙarfe, na'ura ta gane ta ta wurin abin da aka rataya mata a wuya, ta wanke mata hantsa, ta tatse ta, ta ba ta ɗan abinci, ta buɗe mata ƙofa. In wata ba ta da lafiya, wayar Baba za ta yi ƙara ko da tsakar dare ne. Saniya guda takan ba da lita talatin a rana, wata ta fi. Bunajinmu in ta ba da lita biyu bayan maraƙi ya sha, sai mu ce madalla. Na cika littafi guda da zane-zane da lissafi. Amma daren da na zauna na duba littafin daga farko, sai gabana ya faɗi. Babu abu guda a ciki da ardo zai iya saya. Kuɗin na'urar tatsa ɗaya ya isa ya sayi garken ƙungiyarmu duka, ga shi kuma ba ta aiki sai da wutar da ba ta ɗaukewa. Me zan je in faɗa a gindin bishiya? In ce na ga Turawa suna da kuɗi? Wannan ai sun sani tun kafin a haife ni.

Da safe na gaya wa Baba damuwata. Ya yi shiru yana shan kofi, gama mutanen Jutland ba su da yawan magana. Can ya ce, "Ranar Laraba zan kai ka wani wuri. Ba ya cikin takardar da aka tsara muku."

Wurin shi ne Hjedding, su suna faɗinsa kamar Yeding, wani ɗan ƙauye kusa da garin Ølgod. Na zaci babbar masana'anta zan gani. Sai ga wani ɗan gini wanda bai fi ajin firamare biyu ba, yanzu an mai da shi gidan tarihi. A nan ne ranar 10 ga Yuni, 1882, aka buɗe gidan sarrafa madara na gama-kai na farko a ƙasar Danmak.

Ga yadda abin ya faru. A shekarun 1870 hatsi mai araha ya fara kwararowa Turai daga Amurka da Rasha, farashi ya faɗi, manoman Danmak suka ga noman hatsi don sayarwa ba zai fisshe su ba. Sai suka juya ga shanu. Ingila tana son man shanu, amma wanda take biya da daraja shi ne na manyan masu ƙasa. Na talaka, wanda kowace mace take kaɗawa a gidanta, wannan ya yi gishiri, wancan ya yi wari, ba ya kuɗi. A daidai wannan lokaci aka ƙago injin da yake juya madara da sauri ya raba mai da tsala nan take. Sai dai injin yana da tsada, kuma madarar gida ɗaya ba ta isa ta ciyar da shi. Wani saurayi masanin aikin madara, Stilling Andersen, ya kawo shawara, wani manomi mai suna Niels Hansen Uhd ya tsara yarjejeniya, manoman wurin suka sa hannu. Suka ci bashi tare, kowa ya tsaya lamunin kowa, watau in abin ya rushe, ba wanda zai ce ba ruwansa. Kowa ya yi alkawarin kawo madararsa, ban da wadda za a sha a gida. Riba kuwa a raba bisa ga yawan madarar da mutum ya kawo. Mai saniya biyu ya sami kuɗin lita daidai da mai saniya ashirin.

Kafin shekarar 1900 irin waɗannan gidaje sun kai kimanin dubu a ƙasar. Ƙa'idar da ta zauna a yawancinsu ita ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, kome yawan shanunsa. Suna da wani salon magana a kan haka, wai kawunan mutane ake ƙirgawa, ba kawunan shanu ba. Tsalar da ta rage akan mayar wa manomi ya ba aladu, daga nan kuma aka sami mayankar aladu ta gama-kai ta farko a Horsens a 1887. Man shanu da naman alade suka riƙa bi ta tashar jirgin ruwa ta Esbjerg zuwa Ingila. Ƙananan gidajen nan ne suka yi ta haɗewa har suka zama manya, a shekarar 2000 kuma na Danmak da na Suwidin suka haɗu suka zama Arla. Ya mai karatu, in akwai madarar Dano a gidanka, daga hannun wannan kamfani take, kuma har yau manoma ne masu shi. Baba yana ɗaya daga cikinsu. A 2023 sun buɗe gonar shanu a Damau ta Jihar Kaduna.

Ina tsaye gaban tsohon injin nan, sai na yi tambayar da take cina. Na ce, "Baba, su ba su zuba ruwa ba?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Sun zuba mana! Kana tsammani kakanninmu mala'iku ne? Wasu ruwa, wasu su kwashe man sama kafin su kawo." Ya ce shi ya sa ƙungiyoyin suka rubuta tara a cikin dokokinsu, aka riƙa gwada madara, wanda aka kama ya biya, maƙwabta kuma su ji. Daga baya aka koma biyan kuɗi bisa ga yawan man da ke cikin madara, sai zuba ruwa ya zama aikin banza. A 1895 manoman wajen Vejen suka kafa ƙungiyar farko mai aika mutum gida gida yana auna abin da kowace saniya take bayarwa. Har yau, in ji shi, duk sa'ad da tankar madara ta zo gidansa sai direba ya ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji. Shekara talatin da wani abu yana ba da madara, ba a taɓa cewa ai Baba ne, a ƙyale shi ba.

Kunya ta kama ni. Muna da ma'aunin gwada madara a ƙungiyarmu, wani ɗan gilashi mai kama da na gwada zazzaɓi sai dai ya fi girma. A jefa shi cikin madara, in an zuba ruwa sai ya nutse fiye da ƙa'ida. Yana cikin durowata shekara biyu. Ban taɓa fito da shi ba, gama ina ganin gwada madarar dattijo a gaban jama'a cin fuska ne. Da na faɗa wa Baba, ya ce, "To, ka fara da madarar shugaba, kowace safiya, a gaban kowa. In an gwada ta babba, wa zai ce an raina shi?"

Kada mai karatu ya ɗauka na tarar da ƙasar da ba ta da hawaye. A hanyar komowa Baba ya buɗe mini cikinsa. Gonar da nake sha'awa, banki yana da babban rabo a ciki. Sa'ad da yake yaro kusan kowane gida a ƙauyen yana da shanu, yanzu masu shanun madara a ƙasar duka ba su kai dubu uku ba. Ɗansa yana aiki a birni, ya ce ba zai gaji gonar ba, 'yarsa ma haka. Muka biya gidan tsofaffi muka gai da mahaifiyarsa. Ɗaki mai tsabta, abinci a kan kari, masu jinya masu fara'a, amma tsohuwar tana zaune ita kaɗai tana duban taga. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ba ta ma san ko ni wane ne ba. Na tuna da tsohuwata a gida, jikoki suna hawa kanta tana korarsu da mafici. A wannan kam ban yi musu sha'awa ba.

Ranar Asabar aka tara mu biyar a Esbjerg domin mu shirya jawabin ban kwana. Tashar nan da a dā take loda man shanu, yanzu fukafukan manyan fankokin lantarki ne a jibge a bakinta, kowane ya fi rabin filin ƙwallo tsawo, gama fiye da rabin wutar ƙasar daga iska ake samunta. Auta ya yi mako biyu yana bin masu wannan aiki. Tun da muka zo shi ne mai ba mu dariya, amma ran nan bakinsa a rufe. Da muka fito shan iska ya ja ni gefe, ya ce, "Yaya, zan gaya maka magana, amma kada Mama ta ji." Wai wani ɗan ƙasarmu da yake zaune a wata ƙasa maƙwabciya ya yi masa waya. Ya ce masa ya shiga jirgin ƙasa kawai, ba mai tambayarsa a kan iyaka, akwai ɗaki, akwai aiki. Auta ya ce, "Abin da yaron shagon nan yake samu a wata, ni ban samu a shekara. Ga mahaifiyata ba lafiya, ga ƙanne uku a makaranta. In na koma, me na koma yi?"

Ban sami amsa da sauri ba, gama lissafinsa ba ƙarya ba ne. Na dai gaya masa abin da na sani. A Danmak kowa yana da lambar shaida, in babu ita ba ka buɗe asusun banki, ba ka da katin ganin likita, ba ka samun aikin da doka ta sani, sauran ƙasashen ma kowace da irin nata. Wanda bizarsa ta ƙare ya zama abin tausayi a hannun duk wanda ya ba shi aiki a ɓoye. Na tuna masa kuma cewa mutanen da yake kwana a gidansu su suka sa hannu a takardar gayyatarsa. Ya ce ya sani, abin da ya hana shi barci ke nan.

Ban kai ƙara wurin Mama ba, amma tsohuwa ba a yi mata ɓoyo. Da yamma nas ta kawo shawara wai a tattara fasfo duka a hannun shugaba, kada wani ya ɓata a cikin haɗa kaya. Kowa ya san inda maganar ta nufa. Mama ta ce a'a. Ta ce, "Ba awaki na kawo ba da zan ɗaure. Kowa ya riƙe nasa." Sa'an nan ta dubi Auta, ta ce, "Ɗana, akwai wasu biyar a gida da suke jiran a kira su baɗi. In muka koma mu huɗu, ƙofar ta rufe musu ke nan. Iyakar abin da zan faɗa ke nan." Ta ci gaba da gyara jawabinta.

Lahadi 23 ga Yuni ita ce daren bikin Yohanna Mai Baftisma, wanda suke kira Sankt Hans. A wannan dare ko'ina a ƙasar ana hura babbar wuta a bakin teku ko a filin ƙauye, a yi jawabi, a yi waƙa. Masu masaukinmu suka haɗa shi da liyafar sallama. Mu muka yi girki. Malamar firamare ta dafa shinkafa dafa-duka da barkonon da ta ɓoyo tun daga gida, Turawa suna ci suna hawaye suna ƙari. Muka sa kayanmu na gida, kowa ya tashi ya faɗi abin da ya gani, aka ba mu kyautai. Wata tsohuwa mai sanda ta matso kusa da ni, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Na waiga ina neman mai maganar. Ashe ita ce. Ta yi aikin jinya a Numan tana budurwa, gama tun 1913 da likita Niels Brønnum ya sauka can mutanen Danmak suke zuwa Adamawa. Hausarta ta tsufa amma ba ta mutu ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ana cin kifin Binuwai.

A kan tarin itacen an ɗora wata 'yar tsana ta ciyawa, wai mayya. Inna ta raɗa mini cewa ita ba ta son wannan al'ada, ƙauyuka da yawa ma sun daina. Ni ma ban so ba, na san abin da kalmar nan take jawo wa tsofaffin mata a wurarenmu. Aka cinna wuta wajen ƙarfe tara da rabi, gari da haske kamar la'asar sakaliya. Ana cikin waƙa na duba, ban ga Auta ba. Na zaga bayan motoci, na duba wajen tebur, babu shi. Na dubi Mama, ita kuwa idonta yana kan wuta, ko motsi ba ta yi ba. Sai can na hango shi nesa a kan wani dutse, shi da mai masaukinsa, wani tsohon mai aikin lantarki, suna zaune ba mai magana. Na bar su.

Daren Litinin, na ƙarshe, muna kallon labarai sai Baba ya ɗaga hannu a yi shiru. Gwamnati da ƙungiyoyin manoma da sauransu sun daidaita cewa daga 2030 za a fara biyan haraji a kan iskar da dabbobi suke fitarwa, wadda take ƙara ɗumamar duniya. Na ce, "Ashe ku ma jangali ya iso muku!" Na bayyana masa yadda a dā makiyayanmu suke kora shanu daji in sun ji masu ƙirga suna tafe. Ya ce shi ba dajin da zai kai su, kowace tana da lamba a kunne, gwamnati ta san ranar haihuwarta. Muka yi dariya, amma na ga ya ɗauko takarda yana lissafi. Inna ta taimake ni haɗa kaya. Littattafan da aka ba mu a ofisoshi sun yi nauyi, na bar rabi. Na ɗauki hoton yarjejeniyar Hjedding wadda 'yarsu ta fassara mini da hannu a takarda biyu, da safar ulu da Inna ta saƙa wa matata, ko da yake na gaya mata sai cikin hunturu za a iya sawa.

Talata da asuba aka kai mu filin jirgin sama na Billund, garin da ake yin kayan wasan yara na Lego. Kowa mai masaukinsa ya kawo shi. Sun zo da 'yan ƙananan tutocin ƙasarsu, ja da farin gicciye, gama su ba a murna ko rakiya sai da tuta. Mama ta iso, nas ta iso, malama ta iso. Muka auna kaya. Saura Auta. Minti goma, minti ashirin. Nas ta kira wayarsa, a kashe. Ba wanda ya dubi wani. Baba ya tsaya kusa da ni hannu cikin aljihu, ban san abin da ya sani ba, bai kuwa tambaya ba.

Sai ga su da gudu, shi da tsohon, suna jan akwati. Ashe akwatin ne ya wuce kilo 23, gama tsohon ya cika masa shi da kayan aikinsa na dā, da na'urar gwada wuta, da filaya iri iri, suka tsaya a gida suna fitarwa suna mayarwa. Idon Auta ya yi ja. Mama ba ta ce masa kome ba, ta gyara masa wuyan riga kawai, ta ce mu tafi. Baba, wanda tun zuwana hannu kaɗai yake ba ni, ya rungume ni, ya ce, "Ka gai da ardo." Inna ta yi ta kaɗa tuta har muka shige. Muka sauka a Frankfurt, muka sake jirgi, kafin dare muna Abuja, zafi ya tarye mu a bakin ƙofa.

Ranar kasuwa ta biyu bayan komowata muka yi taro a gindin ɗorawa. Mutum goma sha tara suka zo. Sun so su ji labarin saniya mai tatsar kanta, na ba su, suka yi ta salati da tafa hannu. Da aka natsu na karanta musu takardun nan biyu da Hausa, wani ya mayar da Fulatanci. Na fito da gilashin daga aljihu, na faɗi shekarun da ya yi a durowata da dalilin da ya sa. Aka yi gardama mai zafi a kan tara, aka yi wadda ta fi ta a kan karanta lissafin asusu a bainar jama'a kowane wata. Mutum huɗu suka tashi suka tafi. Washegari da sassafe ardo ya zo da ƙwaryarsa da kansa, bai aiko yaro ba, ya ajiye a gaban layi, ya ce, "Malam, jefa abin naka."

Auta ya kama ɗan shago, yana sa wa mutane wutar sola. Wani wata ciniki ya yi kyau, wani wata ya yi mini waya yana cewa da ya sani. Mutanen Danmak kuma sun rubuto cewa nasu biyar suna nan tafe, an ce guda zai sauka a gidana. Tun ran da matata ta ji take lissafi. Ta ce a gyara ƙofar makewayi, a sayi gidan sauro sabo, a kuma tambayo mata ko baƙon yana cin yaji.